Hekta Hamsin a Bayan Tuboro

Mun tashi da asuba ranar Litinin, ana sallame salla a masallacin unguwarmu ta Pumpumre, ni da ɗana na fari, wanda kun san ba za ku ji sunansa a bakina ba. Kafin in shiga maganar hanya, bari in gaya muku abin da ya fitar da tsohuwa irina daga ɗakinta da ciwon gwiwa har Tuboro, don ba yawon shan iska na je ba.

Yaron nan ya shekara goma sha biyar yana aiki a Duwala. Da babbar salla ya zo gida da wata takarda mai ƙyalli da hotuna cike da waya, ya tara mu a tsakar gida, ni da ƙannensa. Wai arewa ita ce gobe. Wai masu ido sun farga, kowa yana neman ƙasar noma, waken suya da masara da auduga, ga kwalta har Cadi, ga kasuwa har Afirka ta Tsakiya. Kalma ɗaya ta Faransanci yake ta nanatawa, furoje, furoje, wai babban shiri, kamar mai jan carbi. An samar masa fili hekta hamsin a bayan Tuboro, da araha kamar kyauta. Abin da ya rage kawai a sayar da shagon marigayi babansu na babbar kasuwar Garwa, inda muke sayar da kanwa da gishiri da manda da igiya tun ina amarya. Gadon ba a raba ba, ƙannensa suka ce abin da Inna ta ce shi ke nan. Mai saye ya shirya, amma ya ce sai na dangwala yatsana a takarda. Ni ban yi boko ba, ban san abin da takarda take cewa ba sai an karanta mini, kuma mai karantawa yana iya tsallake layi. Na ce yatsana ba zai taɓa tawada ba sai tafin ƙafata ya taɓa wannan ƙasa. Damina guda muka yi muna ja a kan wannan, sai da ruwa ya ɗauke ya haƙura ya zo ya kai ni.

A ajans, tashar manyan motoci ke nan, sun ce ƙarfe shida za a tashi. Sai da rana ta fito ta yi kyau, muka ga ana ɗora buhunan albasa da babur biyu a saman motar da aka ce ta mutane ce, sannan direba ya ga damar zuwa yana sakace. Na sha shayi da gurasa a bakin tashar, kuɗin da a da zan ciyar da gida karin safe da shi, madarar kuwa kamar an nuna wa kofin gwangwani daga nesa.

Da muka hau gadar Binuwai na leƙa. Ruwa ya cika har yana lasar itatuwa, masunta a cikin kwalekwale, can nesa kawunan dorina biyu. Ban san sa'ad da na yi tsaki ba, don idona ya kai ga tsohuwar tashar jiragen ruwa. Ta wannan kogi kakana ya iso Garwa da kayan koli. Ina yarinya na ga jirage suna tsayawa a nan da damina, a sauke gishiri da siminti, a ɗauki gyaɗa da auduga, 'yan dako suna waƙa har ka ji su daga cikin gari. Yanzu ciyawa ce da yashi da masu wankin babur. Kogi yana nan bai ƙaura ba, mutane ne suka bar shi ya cushe. Ɗana ya ce ai yana cikin abin da za a gyara, ya gani a takardarsa. Na ce masa tun yana goye nake jin za a gyara.

Hanyar Garwa zuwa Gaundare kuwa, duk wanda ya kira ta hanya Allah zai tambaye shi. Rami ne a cikin rami, kwaltar ta rage kamar ƙanzo a gindin tukunya. Wannan ita ce hanyar da duk kayan da za su Marwa da Kusiri suke bi. Na ga kamiyo, manyan motocin kaya, har huɗu a kwance kafin azahar, ɗaya na shinkafa, masu shi sun kafa murhu a gefe suna dafa abinci, alamar ba ranar suka faɗi ba. Wata mata a bayana tana riƙe da tiren ƙwai a cinya kamar jinjiri. Ba ta kai da rabinsu ba.

Mun tarar da Ngong ranar kasuwa. A nan ne fushina ya fara samun abin ci. Masara ce tsibi tsibi, sabon girbi, tun daga bakin hanya har inda ido ya tsaya, ga gyaɗa, ga shanu ana kora su kara. Na sauka na tambayi wani manomi farashin buhu, ya faɗa, na ɗauka ban ji da kyau ba. Bai kai rabin abin da muka saya a Garwa da tsakiyar damina ba. Na ce masa don me ba zai ajiye ba? Ya ce ina zai ajiye, Hajiya, ɗaki ɗaya gare shi, ƙwari kuma ba sa jiran kowa, yara suna jiran kuɗin makaranta. Manyan motoci daga kudu sun yi layi suna kwashewa. In an jima wata shida, mu ne za mu saye ta da tsada muna godiya. Na juyo na ce wa ɗana ga abin yi nan a ƙofar gida, rumbu mai kyau da maganin ƙwari. Ya yi murmushi irin na 'yan boko, ya ce wannan ƙaramin tunani ne, shi noman zamani yake magana, da tarakta.

A mararrabar Lagdo mata suka yanyame tagogi da soyayyar karfasa. Gaskiya kifin ya yi daɗi, da yaji da albasa a takarda, kuma da sauƙin kuɗi. Na tambayi wata mai sayarwa me ya sa duk suke soyawa ko su banda. Ta ce ɗanye ba ya kai la'asar, ƙanƙara kuwa sai an aika Garwa. Ku ji fa. Suna zaune a gindin madatsar da take ba wa arewa duka wuta, amma ƙanƙara sai an aiko musu daga gari.

Daga nan hanya ta bi gefen gandun dajin Binuwai. Daji ne sosai, kore shar, duwatsu suna leƙowa ta bayan itatuwa. Birai sun zauna a tsakiyar hanya suna kallonmu ba kunya ba tsoro, kamar masu karɓar haraji. Wani dattijo a gefena ya ce da yana saurayi har giwa ya gani tana tsallaka nan, yanzu masu haƙar zinariya sun fi namun dajin yawa. Jandarma sun tsayar da mu sau nawa ban riƙe ba, kowane tsayi sai a sauka a nuna katin shaida a rana. A Mbe na sayi doya, manya kamar cinyar ƙato, na sa aka ɗaure mini a saman mota. Sai hawan dutse. Motar ta riƙa nishi tana lanƙwasa, hagu rami dama rami, na riƙe kujerar gaba ina salati. Da muka kai sama iska ta sauya, sanyi ya shigo, kamar an shiga wata ƙasa.

Ana kiran magariba muka shiga Gaundare, tafiyar da aka ce a da ana yin ta tsakanin asuba da hantsi. Muka sauka gidan 'yar ƙanen mijina kusa da tashar jirgin ƙasa, inda dogo ya ƙare. A nan jirgi yake tsayawa ya juya, mu na Garwa da Marwa sai dai mu ji labari. Ta yi mana tuwon masara da miyar rama da naman shanu mai maiƙo, ta ba ni zuma kwalba guda. Ta ja ni gefe ta ce, Gwaggo, da gaske za a sayar da shagon Baffa? Na ce ba a sayar ba tukuna.

Akwai gajeriyar hanya zuwa Tuboro ta Collire, amma an ce mana damina ta cinye ta, shi ya sa muka yi wannan zagaye. Washegari muka shiga ƙaramar mota muka yi gabas. Nan kam kwalta ce ta gaske, ta miƙe kamar zare. Na tambaya me ya sa wannan ta fi tamu, direban ya ce ai don kayan Cadi aka yi ta. Tankoki da kamiyo sai wucewa suke. Ya nuna mana wani wuri ya ce bututun man Cadi ta ƙarƙashin nan ya bi zuwa teku. A daidai wurin kuwa, a bakin hanya, fetur ne a kwalabe an jera a kan benci, na fasa-ƙwauri da ake kira zuwa-zuwa, irin wanda muke saye a Garwa. Mai yana tafiya a ƙarƙashin ƙafarsu, su suna aunawa da kwalba.

Ba zan rage wa ƙasar nan komai ba, Allah ya yi mata arziki. Da muka gangaro wajen Tuboro zafi ya dawo, gonakin auduga suka fara, ta soma fashewa fari fat, ga masara an karya, ga dawa ta sunkuya. Kogin Vina yana gudu da ruwa ja. A cikin gari ga masana'antar gurzar auduga, ga mahauta, ga 'yan Cadi da 'yan Afirka ta Tsakiya da 'yan Nijeriya, kowa da bakinsa, Fulatanci ne yake haɗa su, Hausa kuma a wajen ciniki. An ce in ka ƙara gaba kaɗan akwai kasuwar Mbaibum inda ƙasa uku suke haɗuwa. An kuma ce kada la'asar ta same mu a daji, saboda masu satar mutane. Wannan ba ya cikin takardar ɗana mai ƙyalli.

Dillalin filin ya zo ya tarbe mu a masauki. Mutum ne mai tsabta, farar shadda, turare har ya yi yawa, waya biyu a hannu. Ya durƙusa har ƙasa, Hajiya Babba, Hajiya Babba, ya aiko mana da gasassun kaji da lemo. Na ci kazar, don ba ita ta yi mini laifi ba. Amma na lura da abu ɗaya: duk tambayar da na yi masa, ɗana yake kallo ya ba shi amsa da Faransanci.

Ranar Laraba da sassafe ya zo da mota mai buɗaɗɗen baya. Muka bar kwalta muka shiga daji kamar tafiyar awa guda, muka wuce ƙauyuka uku, a na huɗu muka tsaya. Ya miƙa hannu ya ce ga shi nan. Ɗana ya sauka fuskarsa kamar ango. Ciyawa ce ta kai ƙirji, kore har tana baƙi. Ya tona ƙasa da hannu ya kawo mini, baƙa wuluk, mai laushi. Ya ce, "Inna, kin gani? Wannan ko taki ba ta so."

Na karɓa na sunsuna. Na ce a kai ni iyaka.

Dillali ya ce ai akwai nisa, Hajiya Babba ta zauna a inuwa, su za su zaga su ɗauko mata hoto. Na ce ban yi kwana biyu a mota don in kalli hoto ba. Na ɗaure mayafi a ƙugu, na karɓi sanda, na shiga ciyawa.

Abu na farko, faɗinsa. Ban yi tafiyar da za ta sa ni haki ba sai ga ni a ɗaya gefen. Na ce ina sauran? Dillali ya ce ai tsawo gare shi, ya miƙe har bakin kogi. Hekta hamsin ɗin ashe kamar rawani aka warware, siriri, dogo. Wa ya taɓa yanka gona haka? Abu na biyu, hagu gonar auduga, dama gonar masara, duk an noma har bakin iyaka ba a bar ko taki ɗaya ba. Mutanen da suke noma har gindin dutse, su ga ƙasa irin wannan a tsakiyarsu su bar ta ga ciyawa? Ruwa ba ya tsami banza. Abu na uku, kowace gona da shingen ƙaya mai kauri, amma a gefe ɗaya kawai, gefen da yake kallon filin namu. Tsakaninsu da junansu ba shinge. Na ɗaga kai na dubi itatuwan da suke cikin filin, kawo da maɗaci, duk an sassare musu rassa daga sama, sun tsiro a dunƙule kamar kan da aka yi wa aski da wuƙa marar kaifi. Manomi ba ya hawa itace ya sare reshe ya bar shi. Makiyayi ne yake yi, da rani, ya zubo wa shanu ganye. Na sa sanda na buɗe ciyawar. A ƙarƙashinta ƙasa ta lotsa layi layi kamar an ja da tsinke, hanyoyi sirara kusa da juna, duk sun nufi kogi.

Shekara arba'in ina auna wa Fulani kanwa. Na san ranar da suke sauka da ranar da suke hawa, don a lokacin ne shagonmu yake cika. Na juyo na ce wa ɗana, "Kai, wannan ba gona ba ce. Burtali ne."

Ya tsaya yana kallona. Yaron da aka haifa a Garwa, aka yi masa kuɗin makaranta da ribar kanwa, sai da na fassara masa. Hanyar shanu ce. Nan garke yake bi in rani ya shigo, daga arewa da Cadi zuwa ruwa da ciyawar kudu, nan kuma yake dawowa da farkon damina, daidai lokacin da shuka ta fito tana ganye biyu. Baƙar ƙasar da yake yabo kashin shanu ne na shekara da shekaru. Yanzu ne kawai, tsakanin hawa da sauka, za ka zo ka tarar ba kowa, ciyawa ta rufe sawu. Shi ya sa aka yarda mu zo yanzu.

Dillali ya yi dariya, ya ce wannan tsohon zance ne, shanu sun daina bi tun tuni, an sauya musu hanya. Bai rufe baki ba na ji sandata ta bugi wani abu. Guntun turken siminti ne, an karya shi daga gindi, da ragowar waya mai ƙaya ta yi tsatsa. Na bi layin, ga wani, ga wani.

A gonar audugar da take hagu akwai wata tsohuwa sa'ata tana cirar ciyawa, ƙaramin gicciye a wuyanta, tun ɗazu tana kallonmu ta ƙasan ido. Na je bakin shinge na gaishe ta da Fulatanci, ta amsa, da ta ji harshena sai ta juya Hausa irin ta kasuwa. Daga duwatsun Mokolo suka zo, ita da mijinta, shekara ashirin ke nan, neman ƙasar noma. Na ce, "'Yar'uwa, turakun nan na wa ne?"

Ta dubi dillalin, ta dube ni. Ta ce, "Hajiya, ke ce mai saye?"

Na ce, "Ɗana ne."

Ta ce, "Ɗa nawa gare ki?"

Na ce shida. Ta ce, "To, in kina da na zubarwa, saya."

Sai ta ba ni labari. Shekara uku da suka wuce wani Alhaji daga Marwa ya zo da mota irin wannan, ya kafa waya, ya shuka masara. Shanu suka dawo suka tarar an toshe. Ba su da ta bi, hagu gona dama gona, baya kuma wasu garken suna turowa. Suka karya waya. Masu gadin Alhaji suka kashe shanu, aka sari mutum biyu, shanun da suka firgita suka watse cikin gonakin ƙauye, audugarta ta wannan shekara ko kwando ba ta ɗauka ba. Da hukuma ta zo aka kwashi maza, har da ɗanta da yake kwance da zazzaɓi ranar, ya yi wata biyu kafin a sake shi. Alhaji bai sake dawowa ba. Ta ce su da Fulanin sun san juna, suna faɗa suna shiryawa, in an bar musu hanyarsu har nono suke kawo mata. Baƙo mai waya ne yake haɗa su.

Na juyo kan dillalin. Ban ɗaga murya da farko ba. Na ce, "Malam, sau nawa ka sayar da wannan hanya?" Ya fara Faransanci. Na ce, "Da ni kake magana, ka yi da bakin da ka gaishe ni." Ya ce shi da takarda yake aiki, takarda kuma ba ta ce burtali ba. Na ce to ya kai wa shanun su karanta. Ya ce Hajiya Babba ta yi haƙuri, tsufa ne, ba ta san yadda harkar zamani take ba. Nan ne na buɗe masa. Abin da na gaya masa ba zan sa a rubuta ba, amma direbansa da ya biyo mu ya juya baya kafaɗarsa tana rawa don dariya, tsohuwar nan kuma ta daina cirar ciyawa ta zauna don ta ji da kyau.

Duk wannan bai ƙona mini rai ba kamar abin da ya biyo baya. Ɗana ya ja ni gefe, murya ƙasa ƙasa, ya ce, "Inna, ko da haka ne, za a iya. Wancan bai yi da tsari ba. Mu za mu yi waya mai ƙarfi, mu ɗauki masu gadi na gaske, muna da takarda." Ya ji labarin matar nan da kunnensa, ya ga turakun da idonsa, amma tarakta tana nan a cikin kansa tana tafiya. Na ce, "Masu gadin 'ya'yan wa? Kana Duwala a ƙarƙashin fanka, ɗan wata ne zai tsaya gaban garke da rani ya koro. Kuma da kuɗin Fulanin da suka ciyar da kai za ka toshe musu hanyar ruwa?" Ya ce na cika kawo son zuciya cikin harkar kasuwanci. Na ce a mayar da ni masauki.

Kafin mu tafi tsohuwar ta tsinko mini kuɓewa cike da gefen zaninta. Na kwance goro biyar na ba ta. A hanyar komawa ba kaji, ba lemo, ba Hajiya Babba.

Kwana biyu muka yi a hanyar dawowa, kujera ɗaya, kafaɗa tana gugar kafaɗa, bai ce mini komai ba sai "ga ruwa" da "kawo katinki". Muka sauko dutsen Mbe ruwa yana yayyafi na ƙarshe. Kamiyon shinkafar nan yana nan inda muka bar shi, sai dai buhunan sun ragu. Muka hau gadar Binuwai ranar Juma'a bayan la'asar, ƙamshin man auduga daga masana'anta ya tare mu, na san na iso gida.

Ranar Asabar mai sayen shago ya zo da takardarsa da ɗan akwatin tawada, don an riga an sa masa rana tun kafin mu tafi. Ƙanen mijina yana zaune, yaran duka suna nan. Na ce masa ya yi haƙuri, ya sha ruwa ya koma, ba na sayarwa ba ne. Ɗana ya ce na kunyata shi a gaban mutane, ya riga ya gaya wa abokansa a Duwala. Na ce kunyar ta tsaya a kansa shi kaɗai, ya gode wa Allah. Lahadi da safe na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Da na fito ɗakinsa a buɗe, ya tafi, bai yi mini sallama ba. Ban taɓa kwana da irin wannan ba tun da na haife shi.

Abin da na gano a wannan tafiya, ku da kuke da 'ya'ya a Duwala da Yawunde masu zuwa muku da takarda mai ƙyalli, arzikin arewa ba ƙarya ba ne. Na gan shi da idona, a kasuwar Ngong yana zubewa, a Lagdo yana ruɓewa kafin la'asar, a kan hanya yana kwance ƙafa sama. Wanda yake son ya zuba dukiya a ƙasar nan, ga rumbu, ga ƙanƙara, ga nono da ake zubarwa don ba mai ɗauka. Amma kowa so yake a ce yana da hekta. Babu ƙasar da ba ta da mai ita a nan, ko ba ka gan shi ranar da ka je ba. In an nuna muku fili, ku je da rani, ku koma da shuka, ku taka iyakarsa da ƙafa, ku tambayi wadda take noma a gefensa kafin ku tambayi mai turare.

Shagon yana nan, jiya ma na sa an sauke kanwa buhu ashirin, don lokacin saukar shanu ya matso. Ɗana kuwa yau kwana goma sha ɗaya bai kira ni ba. Ƙanwarsa ta ce in kira shi in lallashe shi. Ba zan kira ba. Na aika masa dai da saƙo ɗaya ta bakinta: nan da wata biyu, in shanu sun fara sauka, ya ɗauki hutu, ni zan biya masa kuɗin mota, ya je ya tsaya a tsakiyar hekta hamsin ɗinsa da hantsi, takardar a hannunsa.